Launukan taminal na mai kwamfuta ne

"Ka canza tsarin launinka." Wannan ita ce amsar da aka ba bawan Allah nan da ya ce ba ya ganin rabin rubutun sabuwar manhajar da ake ta yayatawa a zaurenmu tun makon jiya, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne yawan waɗanda suka bi amsar da alamar dariya, sai ka ce an faɗi wata hikima da ba a taɓa ji ba. Ba zan kama sunan kowa ba, tun da duk wanda ke bibiyar zancen ya san inda aka dosa, kuma matashin da ya rubuta manhajar ya yi ƙoƙari, domin tana yin aikin da aka gina ta dominsa. Amma amsar ba ta da daɗi, kuma ba ta kan daidai, saboda ta juya gaskiyar lamarin kai a ƙasa. Launukan taminal na mai kwamfuta ne. Taminal dai shi ne allon da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ita ma ta amsa da rubutu. Wanda ya rubuta manhaja baƙo ne a allon mutum, kuma baƙon da aka saukar a ɗaki ba ya ɗauko fenti ya sake wa bango launi, sannan idan mai gida ya yi magana ya ce masa ya je ya sake idanu.

Ga abin da ya faru ga wanda bai buɗe kod ɗin ba. Ɗan'uwan namu yana son tsarin launuka na Dracula, wanda Zeno Rocha ya fitar a 2013, to sai ya kwashi launukansa ya dasa su kai tsaye a cikin manhajar. Duk layin da za ta buga, sai ta fara aika wa taminal umarnin 38;2;248;248;242, wato ta ce a rubuta da wani fari mai ɗan duhu kaɗan, wanda shi ne launin rubutun Dracula. A allonsa abin gwanin sha'awa, domin bangon allonsa mai duhu ne. Sai dai bai gaya wa taminal komai game da bango ba, ya ɗauka kowa irin nasa yake da shi. Wanda bangonsa fari ne kuwa, sai ya sami farin rubutu a kan farin allo. Ƙa'idar WCAG, wadda ake auna saukin karatu da ita, ta nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bango ya kai 4.5 bisa 1, alhali bambancin wannan fari da farin allo bai ma kai 1.1 ba. Mutumin da ya yi ƙorafi ba tsegumi yake yi ba, rubutun ne babu shi a gabansa, kuma an ce masa laifinsa ne.

Abin takaici shi ne an riga an warware wannan matsala tun kafin a haifi yawancinmu. Ƙa'idar ECMA-48, wadda aka fara fitarwa a 1976, ta ware lambobi 30 zuwa 37 domin launin rubutu, 40 zuwa 47 domin launin bango, ta kuma ba su sunaye: baƙi, ja, kore, rawaya, shuɗi, shunayya, shuɗi mai ratsin kore, da fari. Daga baya taminal ɗin aixterm na kamfanin IBM ya ƙaro 90 zuwa 97 domin masu haske, suka cika goma sha shida. Amma ƙa'idar ba ta faɗi wane irin ja ba ne, ba ta faɗi zurfin shuɗin ba. Idan manhajarka ta aika 31, abin da ta ce kawai shi ne a yi amfani da launin da mai wannan allo ya ajiye a gurbin ja. Shi ya zaɓi jan da idonsa ke iya gani a kan bangon da shi ya zaɓa, kuma ya zaɓa sau ɗaya domin dukan manhajojin da zai buɗe. Akwai ma lamba 39, wadda ke nufin a koma launin rubutun da mutum ya saba da shi ko da wane iri ne, kuma da ɗan'uwanmu ya bar rubutunsa a kanta da duk wannan hayaniya ba ta taso ba. Masu wancan zamani sun bar zaɓin a hannun mai allo, mu kuma da muka zo da wayewa muka ƙwace shi.

Duk wanda ke shakkar cewa lamba gurbi ce kawai, ya dubi tarihin launi mai lamba 33, wanda aka kira rawaya. A kan katin nuna hoto na CGA da IBM ya fitar a 1981, rawaya mai duhu ba ta fitowa a matsayin rawaya, domin an sa wa na'urar nuna hoton wata da'ira ta musamman da ke rage koren da ke cikinta, sai ta koma ruwan ƙasa. Har yau idan ka shiga baƙin allon Linux na asali, wanda babu taga babu linzami, ka buga rubutu da 33, ruwan ƙasa za ka gani. Haka nan shuɗin tsohon allon umarni na Windows, mai lamba 0, 0, 128 (wato ja 0, kore 0, shuɗi 128), wanda a kan baƙin bango bambancinsa kusan 1.3 bisa 1 ne kawai, ya wahalar da mutane shekara da shekaru har sai da Microsoft ya sauya jerin launukan a 2017 ya kawo wanda ake kira Campbell. Ku lura da inda aka yi gyaran. An gyara gurbi ɗaya a cikin taminal, nan take dubban manhajojin da ke kiran 34, lambar shuɗi, suka gyaru ba tare da an taɓa layi ɗaya na kod ɗinsu ba. Manhajar da ta dasa launinta da lambobin ja da kore da shuɗi kuwa, babu gyaran da zai kai gare ta, tana nan da cutarta har sai marubucinta ya ga dama.

Na ga masu cewa ai kowa baƙin bango yake amfani da shi yanzu. Madalla da wannan ƙidaya, ban san lokacin da aka zagaya gidaje aka gudanar da ita ba. Taminal ɗin da ke zuwa da kwamfutocin Apple ya daɗe yana buɗewa da farin bango, taminal ɗin xterm ma haka yake idan ba a taɓa shi ba. Akwai wanda ke aiki a gindin taga da rana tsaka, allon baƙi ya zame masa madubi, dole ya koma fari. Akwai wanda farin rubutu a kan baƙi ke yi wa idonsa ambaliyar haske har haruffa su riƙa narkewa cikin juna. Da yawa daga cikin ƙannenmu ma a waya suke koyon wannan sana'a ta hanyar Termux, manhajar taminal ta wayar Android, a allo ɗan ƙarami, wani lokaci a waje cikin hasken rana, kuma duk dabarar da suka yi domin su iya karanta abin da ke gabansu tana cikin jerin launukan da suka tsara wa kansu. Waɗannan mutane ba su bin kowa bashin bayani.

Na kuma ga masu cewa launi goma sha shida sun yi kaɗan, alhali taminal na zamani na iya nuna launi 16,777,216. Gaskiya ne yana iyawa, ko da yake ba kowanne ba, kuma wanda ya taɓa shiga wata kwamfuta daga nesa ta cikin tmux, manhajar da ke raba taminal gida-gida, ba tare da an saita ta ba, ya san yadda launukan nan ke rikiɗewa su koma wani abu dabam. Amma ko da kowane allo na duniya yana iyawa, tambayar ita ce me manhajar lissafa fayiloli za ta yi da launi miliyan goma sha shida. PICO-8, dandalin haɗa ƙananan wasanni wanda Joseph White ya ƙirƙira, allonsa ɗigo 128 ne a tsaye da 128 a kwance, launukansa goma sha shida cif, kuma a kansa Maddy Thorson da Noel Berry suka yi wasan Celeste na farko a 2015. Kwamfutar ZX Spectrum ta 1982 launi biyu kacal take yarda da su a kowane murabba'i mai ɗigo takwas sau takwas, amma an zana abubuwan da har yau ake komawa a kalla. Idan waɗannan sun ishi masu zane da masu wasanni, ban ga yadda za su gaza wa mai son nuna cewa gwaji ya wuce ko ya faɗi ba. Ƙarancin launi bai taɓa hana kowa kyawun aiki ba, sai dai ya tona asirin wanda bai yi tunanin abin da yake son nunawa ba.

Wani ya kawo maganar tsarin launuka na Solarized yana ganin ya kama ni, to bari in amsa masa da gaske, domin maganarsa tana da tushe. Ethan Schoonover ya fitar da Solarized a 2011, kuma domin ya sami wurin ajiye launukansa masu ruwan toka sai ya cusa su a gurbin launuka masu haske, har ya sa launin bango kansa a gurbi na takwas idan an fara ƙirga daga sifili, wato baƙi mai haske, mai lamba 90. Saboda haka duk manhajar da ta rubuta da 90 sai rubutunta ya ɓace a allon mai Solarized mai duhu. Wannan aibi ne, ban musa ba. Amma darasinsa shi ne ka guji sa muhimmin rubutu a gurbi na takwas, ka kuma guji fari da baƙi tsagwaronsu tun da ba ka san bangon mutum ba. Kuma ko a nan ɗin, mai Solarized yana da ikon buɗe saitinsa ya gyara gurbin cikin minti ɗaya, domin launin nasa ne. Wanda aka dasa wa 248, 248, 242 babu abin da zai buɗe.

Akwai wani ɓangare da ba na son a yi wasa da shi. A tsakanin mutanen da asalinsu Arewacin Turai ne, kusan namiji ɗaya cikin goma sha biyu yana da matsalar bambance ja da kore, mata kuwa kusan ɗaya cikin ɗari biyu, kuma matsalar tana nan a kowace al'umma ko da yawanta ya bambanta. Irin wannan mutum yakan mai da gurbin ja ya zama ruwan goro, kore ya karkata zuwa shuɗi, domin ya iya raba kuskure da nasara. Manhajar da ta tsallake gurbin ta rushe masa wannan shiri, kuma ba lallai ya fito ya faɗa a zaure ba, musamman bayan ya ga yadda aka yi wa na farko dariya. Ku dubi git diff, umarnin duba abin da aka canza a kod, wanda ke nuna layin da aka cire da ja, wanda aka ƙara da kore, amma duk da haka yana sa alamar ragi da ta tarawa a farkon kowane layi, ta yadda ko an kashe launi gaba ɗaya ma'anar tana nan. Haka ya kamata aiki ya kasance, launi ya zama ƙari a kan abin da rubutu ya riga ya faɗa.

Ba ina cewa a haramta cikakken launi ba ne. Idan hoto kake zanawa a taminal, kamar yadda manhajar chafa ke yi, ko kana amfani da harafin nan mai rabin murabba'i domin ka sami ɗigo biyu a gurbin harafi ɗaya, na sama da launin rubutu na ƙasa da launin bango, to ka ɗebi launi iya son ranka, domin hoto ba shi da ma'ana sai da ainihin launinsa. Haka idan ka koma ga tsarin zana hoto na sixel, wanda kamfanin DEC ya ƙirƙira tun zamanin na'urorin buga takarda, ko tsarin hotuna na taminal ɗin kitty da Kovid Goyal ya tsara. Idan wasa ne da ya mamaye allo gaba ɗaya, ka fenta rubutu da bango tare, kuma idan za ka fita ka aika 0 ka mayar wa mutum allonsa yadda ka same shi. Amma manhajar da ke buga layi biyar ta fita, ta tsaya a gurbi, ta duba ko abin da take bugawa allo zai je ko fayil, kada mutum ya buɗe fayil ya tarar da shi cike da tarkacen lambobi, sannan ta girmama NO_COLOR, yarjejeniyar da aka fara tun 2017 cewa duk wanda ya saita wannan suna a kwamfutarsa ba ya son launi ko kaɗan. Duk wannan bai kai layi goma ba. Masu cewa ai aikin sha'awa ne, ba biyansa ake yi ba, na ji, amma shi ya kawo shi zaure ya ce a gwada, kuma wanda ya ce a gwada ya amince a gaya masa sakamakon gwajin.

Tun da na buɗe kod ɗin ma, na lura cewa ya jawo ɗakin karatu na waje sukutum, wato kunshin kod da wasu suka rubuta, domin kawai ya buga waɗannan 'yan lambobi, abin da mutum zai rubuta da hannunsa a layi uku. Na san kowa haka yake yi, masu Node suna jawo kunshin chalk, masu Python suna jawo Rich, kuma Rich ɗin ma yana kashe launi da kansa idan ya ga NO_COLOR. Amma kamar mun manta abin da ya faru a watan Janairun 2022, lokacin da Marak Squires, mai kula da kunshin launuka na colors, wanda a lokacin ake saukewa fiye da sau miliyan ashirin a mako, ya sa masa madauki marar ƙarshe da gangan, bayan ya daɗe yana ƙorafin cewa manyan kamfanoni suna cin moriyar aikinsa kyauta. Manhajoji da yawa suka wayi gari suna ta zubo tarkacen haruffa ba tsayawa, har da kayan aikin AWS CDK na Amazon, sai da masu kula da npm, rumbun da ake sauke kunshin daga gare shi, suka mayar da tsohon sigar kafin abin ya lafa.