Brian Greenwood da tambayoyin da ya ɗauko daga asibitin Zariya

A tarukan kiwon lafiya da ake yi a Abuja, in an zo kan sanƙarau ko maleriya, sau da yawa akan kawo hujjojin da tushensu Zariya ne, amma ba a faɗa. Farfesa Brian Greenwood, Baturen Ingila, ya fara aiki a asibitin koyarwa na Ibadan a 1965, ya ƙware a ilimin garkuwar jiki, sannan ya shafe shekarun 1970 a Jami'ar Ahmadu Bello. A ganina ɗalibanmu masu neman digiri na biyu da na uku sun fi buƙatar sanin yadda ya riƙa zaɓar tambaya fiye da sanin yawan takardun da ya wallafa.

Ɗauki gwajin sanƙarau. Ana ɗibar ruwan ƙashin baya da allura a kai ɗakin gwaji a raini ƙwayar cutar har ta tsiro. To amma ƙwayar meningokokas ba ta da juriya da zarar ta bar jikin mutum. A sa ruwan a firij, ta mutu. A bar shi ya kwana a hanya ba tare da kwalbar da ke riƙe ta da rai ba, ta mutu. In kuma an riga an yi wa yaro allurar kashe ƙwayoyin cuta a kemis kafin a kawo shi, wanda shi ne aka fi gani, sai gwaji ya fito babu komai alhali ga wuya a sanƙare. Tun a farkon shekarun 1970 Greenwood da abokan aikinsa suka koma neman ɓawon sukarin da ke lulluɓe da ƙwayar, ta hanyar haɗa ruwan da sinadarin kariya a cikin kunun gwaji a ratsa shi da lantarki. Ɓawon yana nan ko ƙwayar ta mutu, kuma a ranar ake samun sakamako.

Aikin da ya fi burge ni shi ne na 1978. An yi wa yara masu maleriya rigakafin sanƙarau nau'in C da na taifot, wasu a ranar da suka zo da zazzaɓi, wasu bayan mako ɗaya, wasu bayan wata. Waɗanda aka yi wa a ranar farko, jikinsu bai ƙera isasshen sinadarin kariya ba. Na sanƙarau kuwa ko bayan wata guda bai kama yadda ya kamata ba. Wato maleriya tana danne garkuwar jiki har bayan zazzaɓin ya sauka. Kada wani ya ɗauki wannan hujjar ƙin kai yaro rigakafi don jikinsa ya ɗan yi ɗumi. Wancan rigakafin sanƙarau tsohon samfuri ne na zallar ɓawon sukari, wanda ba ya kama yara 'yan ƙasa da shekara 2 sosai, jiki ba ya riƙe shi ya daɗe, kuma ba ya kawar da ƙwayar daga maƙogwaron masu yaɗa ta. Na yanzu an ɗaura ɓawon a jikin furotin, shi ya sa garkuwa ke tuna shi. MenAfriVac da aka fara a Nijeriya a 2011 irin wannan ne, ya kuma durƙusar da nau'in A. Da nau'in C ya ɓarke a Zamfara da Sakkwato a 2017 aka ga giɓin da ya bari, sai a 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da rigakafin Men5CV mai kariya daga nau'o'in A, C, W, Y da X.

Daga 1980 ya shugabanci cibiyar bincike ta Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya (MRC) a Gambiya na shekara 15, inda aka nuna cewa gidan sauro mai magani yana rage mutuwar yara. Daga nan ya koma Landan.

Ban yarda da yadda muke auna malamin jami'a da ƙidayar takardu ba, don hakan ke sa mutum ya yayyanka bincike ɗaya gida huɗu saboda ƙarin girma. Greenwood ya bi zare ɗaya shekara da shekaru: mene ne maleriya ke yi wa garkuwar yaro, kuma yaushe ya fi dacewa a tare ta. Maganin kariya daga maleriya na damina da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012, yana cikin abin da ya sa hannu a kai. A 2021 ayarin da yake ciki ya wallafa sakamakon gwajin haɗa wannan magani da rigakafin maleriya na RTS,S a kan yara kusan 6,000 a Mali da Burkina Faso, kwanciya asibiti da mutuwa saboda maleriya suka ragu da kusan kashi 70 cikin 100 idan aka kwatanta da ba da ɗaya kaɗai.

Maganin daminar nan ana shan sa ne kwana uku a jere kowane wata, inda ake samun cikas a wurinmu kuwa shi ne kwana na biyu da na uku. Ma'aikaciya tana ba da magungunan biyu, wato SP (sulfadoxine-pyrimethamine) da amodiyakwin, a gabanta ranar farko, ta bar wa uwa sauran amodiyakwin na kwana biyu. Yaro ya ji ɗaci ya tofar, ko uwa ta ajiye don ranar da zazzaɓi zai zo, sai kariyar watan ta tafi rabi da rabi. Duk ɗalibin da ke neman abin da zai yi bincike a kai a Gwagwalada ko Kwali, ya auna yawan yaran da ke shanye na kwana uku cif, da abin da ke hana sauran.