Hannu Ɗaya, Ɗalibai Goma

Da hantsi Bazazzagi, mai sa ido daga hukumar jarrabawa, ya iso cibiyar koyon walda ta Bakano. Ya tarar an shimfiɗa darduma, ga gurasa ga tsire.

BAKANO: Lale da bawana! Zauna ka ɗanɗani abincin birni.

BAZAZZAGI: Alhaji, a kawar tukuna. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Kawo mini rajista da ƙarafan da yara suka haɗa.

BAKANO: Ga su nan, goma cif. Ko a Jamus albarka.

BAZAZZAGI: Nan an rubuta an yi jarrabawa ranar 30 ga Fabrairu.

BAKANO: Kano ce fa, ko da me ka zo an fi ka. Har da kwanan wata.

BAZAZZAGI: Wannan sakaci ne, bai kai magudi ba. Kuskuren kwanan wata, takardar yaro ta ɓace, an makara wajen yi masa rajista, an tara maki ba daidai ba, duk ba da niyyar cuta ba. Sai a ja layi ɗaya a kan kuskuren yadda na farkon zai karantu, a rubuta daidai, a sa hannu a gefe. Kada a goge. Amma in na ba ku wa'adi na dawo na tarar da irinsa, ya tashi daga sakaci.

BAKANO: Alhamdu lillahi, ashe mu 'yan sakaci ne. A kawo gurasa!

BAZAZZAGI: Dakata. Wa ya auna yaran?

BAKANO: Ƙanena.

BAZAZZAGI: Wa ya bi sawun aikin mai aunawa?

BAKANO: Shi ɗin dai, amma sai da ya sauya hula.

BAZAZZAGI: A tsarin NSQ na tantance ƙwarewar masu sana'a, wanda NBTE, hukumar ilimin fasaha ta ƙasa da ke Kaduna, ke kula da shi, ido uku ake so: mai aunawa, mai binciken cikin gida, sai na waje irina. Mutum ba ya bincikar kansa ko da ya sauya hula da babbar riga. Ɗalibi na huɗu kuma na ga sunan ubansu ɗaya da yaran gidanku.

BAKANO: Ɗan ƙanen nawa ne. Zumunci ya zama laifi?

BAZAZZAGI: Ɓoye shi ne laifi. Da kun sanar a rubuce, da an turo wani ya auna shi. To, ƙarafa. Lambar ɗalibi da guduma ake buga ta a jikin ƙarfe, a gaban mai aunawa, kafin a kunna inji. Naku da alli aka rubuta, allin ma a kan waldar ya hau. Dubi tara ɗin nan: wuri ɗaya aka fara, wuri ɗaya aka tsaya aka sauya sandar walda, zubin iri ɗaya kamar kitson mace ɗaya. Walda ai rubutun hannu ce.

BAKANO: Malaminsu ɗaya.

BAZAZZAGI: Na goman fa, mai kama da kashin kaza?

BAKANO: Na wani Ɗan Fulani ne, ya ɓata mana suna. Kai, zo nan! Yallaɓai, abin da zai ce shi ne...

BAZAZZAGI: Fita, Alhaji. Kowa shi kaɗai ake jin ta bakinsa. Samari, da me ka haɗa wannan?

ƊAN FULANI: Da sanda mai geji 12, Yallaɓai, wuta a kan 80. Da farko na kai ta 120, aradu sai ta huda ƙarfen kamar gara. Na rage sosai, sandar ta riƙa liƙewa.

BAZAZZAGI: Wanda ya yi da hannunsa ke da wannan labarin. Sauran fa?

ƊAN FULANI: Maƙeri ne, da daddare. Ni na riƙe masa tocila. An ce kowa ya kawo dubu biyar, Baffa ya ce ba zai sayar da tunkiya don wani ya yi mini aikina ba.

Aka matse ƙarfen Ɗan Fulani aka lanƙwasa, bai tsage ba. Aka ɗauko ɗaya cikin kyawawan, tun kafin a kai rabi ya ce ƙas.

BAZAZZAGI: Sauri ya yi, bai kankare ɓawon zubin farko ba ya ɗora na biyu, datti ya kwanta a ciki. Shigo, Alhaji, na san kunnenka na jikin ƙofa. Wannan sojan gona ne, magudi tsantsa. Ƙarafa da rajista zan ɗaure su in tafi da su, ka sa hannu a kan jerin abin da na ɗauka. Sakamakon tara ɗin an dakatar. Yau zan kai rahoto a rubuce, a turo mai bincike da ba ruwansa da kai, kowa ya ba da bayaninsa ya sa hannu. Yaran, in an yi musu sassauci, su sake a gaban baƙon mai aunawa. Ƙanenka a karɓe izininsa, cibiya kuma ana iya janye mata lasisi. Kada ka manta dokar magudin jarrabawa ta 1999 har ɗauri ta tanada.

BAKANO: Haba ɗan'uwa! Kano da Zazzau ai wasa ne tsakaninmu.

BAZAZZAGI: Shi ya sa nake faɗa maka ina dariya. Kana da damar ɗaukaka ƙara, kuma ba ni zan saurare ta ba. Yaron nan kuwa in ka kore shi don ya faɗi gaskiya, ka buɗe wa kanka sabon fayil.

Sai ga Maƙeri ya leƙo, ido jawur.

MAƘERI: Ranka ya daɗe, an ce kai ne mai raba takardar shaida.

BAZAZZAGI: Kana cikin rajista?

MAƘERI: Ba na ciki, amma sau tara na zauna jarrabawar. Ba na son zari, biyu ma sun ishe ni. Sauran bakwai a ba Alhaji ya sayar, ya biya ni kuɗin aikina.