Makro ba maguɗi ba ne, a daina yi mana kuɗin goro

Tun da kamfanin Blizzard ya saka madanni guda mai jera wa ɗan wasa hare-harensa a wasansa na kwamfuta, World of Warcraft, a watan Yunin 2025, tsohuwar gardama ta farfaɗo. Masu kiran kansu gwanayen asali suka samu abin faɗa: wai wasa ya lalace, wai ragwaye sun ci gari. Ba su tsaya nan ba, sai da suka haɗa har da masu rubuta makro. Wannan kuɗin goron ne ya ƙona mini rai.

Makro 'yan layukan umarni ne da ɗan wasa ke rubutawa da hannunsa a cikin wasan, ya ɗaura su a madanni ɗaya. A World of Warcraft ba ya wuce haruffa 255. Tun ƙarshen 2006 kamfanin ya hana shi yanke shawara a fagen fama: ba ya iya duba wanda ya fi jigata ya zaɓo shi, ba ya iya jiran lokaci ya harba da kansa. In ba ka danna ba, ba abin da zai faru. Jinkirin nan na kusan daƙiƙa ɗaya da rabi tsakanin hari da hari yana kan mai makro kamar yadda yake kan kowa. To, ina maguɗin?

A dubi mai warkarwa, wato ɗan wasan da ke jinyar 'yan tawaga, a farmakin Mythic mafi wahala, inda mutum 20 ke yi wa dodo taron dangi. A da, ba tare da makro ba, sai ya saki wanda ya saita a kai, ya zaɓi wanda ya ji rauni, ya warkar da shi, sannan ya koma. Da makro kuwa, ya ɗora kibiyar linzami kan sunan ya danna, shi ke nan. Wa zai ceta, wa zai bari ya ɗan jure, yaushe zai fito da babban maganinsa, duk shi ke yanke wannan hukunci. Gwanintar tana nan, wahalar yatsu kawai aka rage masa. Ga kuma mai ciwon wuyan hannu, ko mai hannu ɗaya, wanda haɗa madannai uku wuri guda ne ke ba shi damar zama cikin tawaga. Duk mai kiran wannan mutum rago ba shi da kunya.

Suna cewa daga makro ake zarcewa zuwa bot. Maganar banza ce. Bot manhaja ce ta waje mai buga wasa mai ita na barci, tana tara zinaren wasa a sayar, irin waɗanda kamfanin Jagex ya yi wa sharar gaske a wasansa na RuneScape a 2011.

Da makro na ba da nasara a ɓagas, da ƙwararrun wasan Final Fantasy XIV ba su guje masa wajen faɗa ba. A can yana kawo tsaiko tsakanin hare-hare, shi ya sa suka fi barin layuka 15 da aka ƙayyade masa ga aikin ƙere-ƙeren kayan wasa da sanar da tawaga.

Kamfanonin ma suna da nasu laifin, don sun bar sabon shiga yana lalube a duhu. Su koyar da rubuta makro tun a darussan farko na wasa, Blizzard kuma ta ɗaga iyakar haruffa 255 ɗin nan da ta daɗe tana takura mutane.