Karen gadi a gidan da yake da yara: a duba hali kafin a duba suna

Matsalar tsaro da yawan haurawa gidaje sun sa magidanta da dama a Sakkwato, musamman a unguwanni irin su Arkilla da Mabera da Gwiwa, sun fara ajiye kare. Ban ga laifin hakan ba, domin hadisi ya ambaci karen farauta da na kiwo da na gona, kuma malamai da yawa sun yi ƙiyasin gadin gida a kansu. Abin da yake damuna shi ne yadda ake zaɓen karen, domin mafi yawan masu saye tambaya ɗaya suke yi wa mai sayarwa, wato ko yana da zafi, alhali gidan da za a kai shi cike yake da ƙananan yara.

Gidajenmu ba a rufe suke ba. Yaran maƙwabta suna shigowa ba sallama, almajiri yana tsayawa a bakin zaure da ƙoƙonsa, 'yar talla tana leƙowa da farantinta, kuma ranar suna ko biki babu mai iya ƙidaya yaran da suke tsakar gida. Karen da aka horar ya ɗauki duk baƙuwar fuska a matsayin ɓarawo zai haɗu da waɗannan yara kullum, shi kuwa ɓarawon wataƙila ba zai taɓa zuwa ba.

Ga kuma yayin karnukan waje. Ana sayen Caucasian, kare mai tulin gashi da ya fito daga duwatsu masu sanyi na yankin Kokeshiya, a kawo shi garin da zafinsa yake wuce maki 40 a watannin Maris zuwa Mayu, a ɗaure shi da sarƙa a gindin katanga yini guda yana haki. Boerboel na Afirka ta Kudu da Rottweiler karnuka ne masu ƙarfi ƙwarai, kuma a hannun wanda ya iya horo suna iya zama lafiya da mutanen gida, amma ko da wasa suka bangaji yaro ɗan shekara uku sai ya faɗi. Wanda ya nace a kan na waje, Labrador ya fi su sanyin hali da haƙuri da yara. Ni kam karen gida namu na fi ba da shawara, mai gajeren gashi da siririn jiki, wanda ya saba da zafinmu da ƙurarmu, yana cin abin da muke ci, kuma haushinsa ya isa ya tashi mai gida da tsakar dare, wanda shi ne ainihin aikin da ake nema.

Kowane iri mutum ya zaɓa, kada ya saya a gefen titi. Ya je gidan da aka haifi ɗan kwikwiyon ya ga uwarsa da idonsa. Idan ta tarbe shi tana kaɗa wutsiya bayan ta yi haushi sau biyu ko uku, alama ce mai kyau. Idan kuwa ta noƙe a lungu, ta kwantar da kunnuwa, ta cusa wutsiya tsakanin ƙafafu tana gurnani, ya haƙura da 'ya'yanta, domin kare matsoraci ya fi saurin cizo. A bar kwikwiyo da uwarsa har ya kai mako 8, sannan a yi amfani da makonnin da suka biyo baya, kafin ya cika wata uku, a saba masa da muryoyin yara da ƙarar babur da shigowar baƙi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duka da yunwa da ɗauri na kullum, waɗanda wasu suke ɗauka hanyar sa wa kare zafi ce, zalunci ne ga dabbar, kuma yaran gidan ne suke fara ɗanɗana sakamakonsa.

Su ma yaran sai an koya musu: ba a jan wutsiya, ba a jifa, ba a matsawa kusa da kare yana cin abinci ko yana barci, kuma ba a barin mai rarrafe shi kaɗai da kare komai sanyin halinsa.

Batun allura kuwa babu sassauci a cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana, da wuya a tsira. Ana yi wa kwikwiyo rigakafin farko yana da wata uku, a riƙa maimaitawa yadda likita ya tsara, tare da maganin tsutsar ciki da na kaska, kuma muna da asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a nan garin. Idan kare ya ciji yaro ko ya yakushe shi, naka ne ko na maƙwabci, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, a wuce asibiti a ranar domin karɓar allura, kada a tsaya shafa toka ko jiran a ga yadda ciwon zai kasance.