Ranar da wata tsohuwa ta ce min "bani" a Bukares

Kwanana uku a Bukares, babban birnin Romaniya, na shiga kasuwa sayen tumatir. Wata tsohuwa ta auna min kilo guda, na karɓi leda na tsaya ina lalube a aljihu. Sai ta miƙo hannu ta ce, "bani." Farin ciki ya rufe ni, Bahaushiya a Bukares! Na ce, "Iya, ashe 'yar gida ce," na mayar mata da tumatirin tunda ta ce in ba ta. Ta turo min, na tura mata. Sau uku muna haka, layi ya taru a bayana, kafin wani ɗalibi ya raba gardamar.

Ashe "bani" a harshensu kuɗi ne. Shi ne kuma sunan ƙananan sulallansu, bani 100 ke yin leu 1, kamar kwabo da naira. In ya wuce ɗaya sai a ce lei.

Leu ɗin kuwa zaki yake nufi. A ƙarni na 17, lokacin da yankin ke ƙarƙashin Daular Usmaniyya, wani sulen azurfa na Holan mai hoton zaki ya cika kasuwanninsu, sunansa leeuwendaalder, wato dala mai zaki. Sulen ya ɓace, sunan ya zauna a bakin mutane, har aka raɗa wa kuɗin ƙasar a 1867. Lev, kuɗin da maƙwabtansu Bulgeriya suka daɗe suna amfani da shi, shi ma zakin ne.

Ban gama farfaɗowa ba na taya rigar sanyi, mai shago ya ce "milion." Miliyan! Na ajiye rigar a hankali kamar ƙwai, na fara neman ƙofa. Ya yi dariya ya nuna min takardar lei 100. A 2005 aka yanke sifili huɗu, tsohon lei 10,000 ya koma leu 1, amma har yau wasu da tsohon lissafi suke ciniki.

Da dare na baje takardun a gado, na roba ne masu santsi, ina neman zakin. A kan koriyar leu 1 wani dattijo na tarar, masanin tarihi Nicolae Iorga, da gemu har ƙirji. Na daɗe ina kallon gemun nan, na ce to, geza dai ga ta.