Ganin ƙwayar cuta a gwaji ba shi ne ciwo ba

Masu jinya da yawa suna ɗauka cewa da zarar gwaji ya nuna bakteriya (wani nau'in ƙwayar cuta) mai bijire wa magani, dole ne a ba majiyyaci maganin da ya fi kowanne ƙarfi. Ba haka abin yake ba. Sau da yawa ƙwayar tana zaune ne a hanji, ko a fata, ko a robar fitsari, ba tare da ta haddasa ciwo ba. Maganin da ake ajewa don larura, irin su colistin, yana iya lahanta ƙoda, kuma yawan amfani da shi yana ƙara wa ƙwayoyin taurin kai, shi ya sa likitoci ke sake duba majiyyaci bayan awa 48 zuwa 72, su rage maganin ko su dakatar da shi idan babu alamar ciwo.