Wai Sauyin Yanayi Zancen Masu Ƙoshi Ne?

Jiya na ji wani mai sharhi a rediyo yana cewa a ƙyale mu da zancen sauyin yanayi, wai surutun Turawa ne da suka ƙoshi, mu tattalin arziki ne ya dame mu. Raina ya ɓaci, domin masu riƙe da kasafin kuɗinmu ma haka suke tunani, ko da ba su furta ba.

Wane tattalin arzikin? A Arewa arzikinmu gona ne da garke da kasuwa, kuma su ruwa ke fara ci. Ranar 10 ga Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Kasuwar Monday a Maiduguri, ya shiga Asibitin Koyarwa, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu. Garin ya ga irin wannan a 1994, amma shekara talatin aka yi ana kallon madatsar tana lalacewa. A Mokwa ta Jihar Neja kuwa, cikin Mayun 2025, sama da mutum 150 ruwa ya tafi da su kafin gari ya gama wayewa.

Kar a ce mana babu kuɗi. A 2023 aka saya wa 'yan Majalisar Wakilai 360 manyan motoci, jaridu suka ce kowacce ta kai naira miliyan 160. A shekarar ce kuma sunaye 1,411 suka fito a tawagar Najeriya zuwa taron yanayi na Dubai. Kuɗin kece raini ba ya yankewa, na gyaran madatsa ne ake jira sai an yi gawa.

Mu ma talakawa da namu laifin. A unguwarmu an yi biki bara, akwatin lefe goma sha biyu, anko kala uku. Washegari kwata ta cika maƙil da ledar fiya wata da robobin abinci, ba wanda ya ɗaga shebur. Ruwan farko da ya sauka ɗakin wata tsohuwa ya faɗa, ta kwana tsaye da jikanta a goye, buhun geronta ya jiƙe.

Masu cewa Amurka da Sin ne suka gurɓata duniya gaskiya suka faɗa, sai dai ba su za su zo su yashe mana kwata ba. Gwamnoni su fito su faɗa mana inda kuɗin Asusun Muhalli, wanda ake warewa domin magance matsaloli irin su ambaliya da zaizayar ƙasa, ke shiga, jiha bayan jiha, kafin damina ta sake kankama.